Ƙuri'ar da Ban Jefa Ba

Muna cikin shekararmu ta uku a Kuala Lumpur annobar korona ta zo. A hawa na tara na wani dogon bene a unguwar Pantai Dalam muke zaune, ni da maigidana da 'ya'yanmu mata biyu. Shi jami'ar da yake koyarwa a gida ce ta turo shi karatun digiri na uku a fannin shari'a. Ni kuwa aikin koyarwa na ajiye a wata sakandaren 'yan mata na biyo shi. Ba ni da izinin aiki a ƙasar, bizata ma a jikin tasa take rataye. Aikina girki da yara, sai bugun rubutunsa, don shi da yatsa biyu yake danna kwamfuta, ni kuwa tun a kwaleji na iya bugu.

Bincikensa a kan dokar tilasta jefa ƙuri'a ne. Akwai ƙasashen da in ranar zaɓe ta zo dole ka fita, in ka ƙi a hukunta ka. A irin waɗannan ƙasashe ba a rasa masu taurin kai da suke zuwa kotu su ce ba wanda ya isa ya sa su zaɓi wanda ba sa so. Babi guda ya ware wa ƙararrakinsu, kuma sau uku na buga babin saboda gyare-gyaren malaminsa, har na san mutanen ciki kamar 'yan unguwarmu. Yawancinsu kaye suka sha. Hujjar da aka fi kayar da su da ita kuwa ita ce: doka zuwa kawai ta ce ka yi, ba ta ce ka zaɓi wani ba. In ka shiga bayan labule takardar taka ce, in ka ga dama ka jefa ta fara fat, ba mai sani. Maigidana yana son wannan hujja ƙwarai. Ko tuwo muke ci sai ya kawo ta. Ni dai dariya nake yi, don mu biyun babu inda muke da ƙuri'a: ƙasarmu ba ta ba na waje damar zaɓe ba, wadda muke ciki kuma ba tamu ba ce.

Wuri ɗaya ne muke zaɓe, wato ƙungiyarmu ta 'yan arewa mazauna birnin. Ɗalibai ne da malamai da iyalansu. Ita take haɗa mu a Sallah da suna, ita take da zauren waya na maza da na mata inda ake sanar da komai. Kafin annoba an yi wani zaɓe da mutane suka ƙi zuwa, aka ji kunya, sai aka ce maigidana, tunda fanninsa ne, ya rubuta gyara a tsarin mulkin ƙungiyar. Ya rubuta cewa jefa ƙuri'a dole ne a kan kowane baligi, namiji ko mace, wanda ya ƙi kuma a cire shi daga rajista da zaure na shekara guda. Ni na buga wannan ma. Ban ga aibinsa ba a lokacin.

Ƙofarmu tana kallon ƙofar wasu 'yan ƙasarmu. Mijin ɗalibin injiniya ne, mutum mai sanyin hali, matar kuma ƙanwata ce a shekaru, tana kirana Yaya, ni ina kiranta Maman 'yan biyu. Da aka kafa dokar kulle, mutum ɗaya kawai ake bari ya fita daga kowane gida ya je kedai, wato kanti, sayayya, mu mata muka koma hira ta bayan ƙyauren ƙarfe. Ita tana tsaye a nata, ni a nawa, baranda a tsakaninmu, kowa da takunkuminta. In na yi waina in sa a leda in rataya mata a ƙyaure.

A kulle na shekara ta biyu, wanda ya fi tsanani, mijinta ya fara zazzaɓi. Kwana huɗu yana cewa mura ce. Rana ta biyar da hantsi masu fararen kaya suka zo suka sauka da shi, yana tafiya da ƙafarsa, har ya ɗaga mini hannu. Ita da yaran aka ɗaura musu abin hannu na roba, alamar ba su da ikon fita. Bai dawo ba. Ba ta ga gawarsa ba, ba ta san wanda ya sallace shi ba sai daga baya, da limamin ƙaramin masallacin benenmu ya aiko mata cewa shi da wasu mutum kaɗan sun tsaya daga nesa sun yi. Ni ko rungumarta ban iya yi ba. Ina tsaye a ƙyaurena ina jin kukanta, ina ta maimaita mata innalillahi kamar wadda ba ta san wata magana ba.

Ranar na rubuta sanarwa a zauren mata. Na ce Allah ya yi wa mijin Maman 'yan biyu rasuwa sanadin korona, tana killace ita kaɗai da yara, a kira ta. Ban ajiye wayar ba saƙon ya ɓace. An goge shi. Can sai ga kiran shugaban ƙungiya a wayar maigidana. Shugaban nan babban malami ne, daga jami'a ɗaya suka fito da maigidana, kuma yana gaba da shi nesa ba kusa ba. Ina jin maigidana yana ta "To, ranka ya daɗe. Haka ne, ranka ya daɗe." Da ya gama ya ce mini shugaba ya ce kada a ambaci cutar. Wai dama masu gidajen haya ba sa son baƙar fata, in magana ta fita cewa korona ta shiga cikinmu, ɗalibanmu za su rasa wurin kwana. Za a fitar da sanarwa idan an tsara kalmomin.

Kwana uku ana tsara kalmomi. Kwana ukun da ake zaman makoki a gida, ita ta yi su babu wanda ya kira ta in ba 'yan uwanta daga Najeriya ba. Wata tsohuwa 'yar asalin ƙasar, da ke hawan ƙasa da namu, ce take hawowa da shinkafa da kifi ta rataya mata. Da sanarwar ta fito, cewa aka yi ya rasu bayan gajeriyar rashin lafiya.

Na haɗiye wannan. Na ce wataƙila shugaba ya hango abin da ban hango ba, don maganar gidajen haya gaskiya ce, mu ma mun sha yawo kafin mu samu namu.

Bayan wata biyu lokacin zaɓe ya zo. Ba halin taro, sai aka ce za a yi ta fom a waya. Ba wanda ya fito takara da shugaba. Ya aiko da doguwar takardar ayyukansa, na karanta ina tsinke alayyahu. A tsakiyarta ya rubuta cewa cikin ikon Allah da kyakkyawan tsarin shugabanci, annoba ba ta ɗauke mana ko mutum ɗaya ba. Na sake karanta layin. Daga inda nake zaune ina jiyo 'yan biyu suna rigima a kan keke a bayan ƙofarsu.

Na buɗe fom ɗin. A sama ka rubuta sunanka da lambar wayarka. A ƙasa sunan shugaba ne da akwati ɗaya a gefensa. Na gwada turawa ban taɓa akwatin ba, sai jan rubutu ya fito wai ba a cika ba. Babu wurin a'a, babu wurin shiru. Na rufe.

"Kin yi zaɓe?" maigidana ya tambaye ni ranar ƙarshe, bayan la'asar.

"Ban yi ba, Malam. Ba kuma zan yi ba."

"Dole ne fa. Kin san dokar."

"Ni na buga ta. Na kuma buga babinka na huɗu. Ina labulen? Ina farar takardar?"

Ya kalle ni, na ga ya gane sarai. Ya ce lallai fom ɗin yana da matsala, zai yi magana a gyara a zaɓe mai zuwa, amma yanzu in danna kawai a wuce wurin. Na ce mai zuwa daban, wannan daban.

Washegari da safe aka cire ni daga zauren mata. Ni kaɗai ce a duk ƙungiyar.

Tsarin mulkin ya tanadi kwamitin sauraron ƙorafi na mutum uku, maigidana yana ciki. Na zauna na rubuta ƙorafina shafi biyu, da Hausa, na tura wa shugaban kwamitin, wani dattijon farfesan lissafi da kowa yake kira Baba. Maigidana ya janye daga zaman tunda ni matarsa ce. Aka sa ranar Asabar da hantsi, ta kiran bidiyo. Na sa hijabina na fita unguwa, na jingina wayar da gwangwanin madara a kan teburin falo. Maigidana ya shige ɗaki ya turo ƙofa, amma bai rufe ta duka ba.

Fuskoki uku ne a wayar: Baba, da ɗaya ɗan kwamitin, da shugaba. Na gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Baba ya ce, "To, 'yata, muna jin ki."

Na yi bayanin da na shirya. Na ce ban ƙi a tilasta mini zuwa ba. Amma duk inda aka tilasta zuwa, ana barin mutum da sirrinsa, yana iya jefa takarda babu komai. Wannan fom kuwa ya ɗauki sunana, ya ba ni mutum ɗaya, ya hana ni wucewa sai na ce na yarda da shi. Na ce wannan ba zaɓe aka tilasta mini ba, mubaya'a ce.

Baba ya gyara tabarau. "Maganarki da ma'ana. Amma me ya hana ki danna ki wuce? Abin da ke zuciyarki ai naki ne."

"Baba, ƙuri'a shaida ce. An rubuta cewa annoba ba ta ɗauki kowa a cikinmu ba. A gabana aka sauka da mutumin nan. Matarsa tana takaba taku biyar daga inda nake zaune. In na danna na sa hannu a kan wannan magana."

Shugaba ya yi gyaran murya. Bai ɗaga murya ba, ba ya ɗagawa dama. Ya ce Allah ya jiƙan marigayi, amma kowa ya san yana da ciwon suga tun da daɗewa, kuma likita ne kaɗai zai iya cewa ga abin da ya yi ajalinsa. Ya ce shi mutane da yawa yake kallo, ni Hajiya kuwa gida ɗaya nake kallo. Ya ce bai riƙe ni a zuci ba, ya san mata da tausayi.

Suka kashe murya suka yi shawara, ina kallon bakunansu suna motsi. Da suka dawo Baba ya ce akwai wata matsala tun kafin a kai ga hujjata. Tsarin mulki ya ce mai rajista ne yake kawo ƙorafi, rajista kuwa da sunan maigida ake yin ta, iyali suna ƙarƙashinsa. Saboda haka takardata ba ta gaban kwamiti sai in maigidana ya sa hannu. Ya ce a kira shi.

Ban kira shi ba, da kansa ya fito. Ya sunkuyo ta bayan kafaɗata don fuskarsa ta shiga wayar, ya gaida Baba, ya gaida shugaba har da rusunawa, a falonsa. Baba ya tambaye shi ko zai ɗauki ƙorafin a matsayin nasa.

"Baba, ni na riga na janye. Duk abin da kwamiti ya gani shi ne daidai."

Ina jin numfashinsa a gefen kunnena. Na ce, "Baba, a gafarce ni, tambaya ɗaya. In ban isa in kawo ƙara da sunana ba, yaya aka yi na isa a hukunta ni da sunana?"

Sai Baba ya yi dariya, irin ta manya in yaro ya faɗi abin da ya fi bakinsa. Ya ce, "Kun ga illar auren lauya ke nan." Duk suka yi dariya, har da wanda ke tsaye a bayana. Aka yi addu'a aka tashi.

Ban yi masa magana ba sai da yamma. Shi ya fara. Ya ce in duba halin da yake ciki: annoba ta cinye masa shekara guda, yana neman ƙarin lokacin karatu daga jami'arsu, kuma maganar shugaba tana da nauyi a can. Ya ce dokar tasa ce, yaya zai kai ƙarar abin da ya rubuta da hannunsa? Na ce ba dokar na ce ya kai ƙara ba, fom ɗin ne, kuma shi da bakinsa ya ce yana da matsala. Ya ce akwai abin da ake faɗa a ɗaki, akwai wanda ake faɗa a zaure.

Zama a wajen zaure a lokacin kulle ba ƙaramin abu ba ne. Ba fita, ba ziyara, duniyar mace duka tana cikin wayar nan. A can ake faɗar inda ake samun layin rigakafi da sauri, da wanda ya haihu, da kedai ɗin da ya kawo kuɓewa. Wata ƙawata ta unguwar Wangsa Maju ta haihu, sai bayan suna na ji. Mata biyu uku sun kira ni a makon farko, duk magana ɗaya: ki yi haƙuri, ki ba da haƙuri, mene ne abin tada jijiyar wuya a kan danna waya? Ɗaya ta ce mini a asirce kowa ya san gaskiyata. Na ce to ki faɗa a zaure mana. Ta ce wuta take a kan murhu, za ta sake kira.

Duk wannan bai karya ni ba, don ina ganin saboda Maman 'yan biyu nake yi. Ban taɓa gaya mata dalilin cire ni ba, ban so in ƙara mata nauyi. Da ta fita takaba aka samar mata jirgi. Ana jibi za ta tafi, da rana, muna tsaye a ƙyaurenmu kamar kullum, ta ce, "Yaya, akwai maganar da nake so in faɗa miki kafin in tafi. Na san abin da ya sa aka cire ki."

Na ce ba komai, ya wuce.

"Ni na danna, Yaya. Na karanta abin da ya rubuta, na kuma danna." Ta ɗaga hannunta na dama ta nuna mini kamar wani abu ne a jiki. "Bizarmu ta mutu tare da shi. Takardun yaran nan da na fita duk sai da wasiƙar ƙungiya, shi ne kuma mai sa hannu. Ke kina da miji a ɗaki. Fushi ma sai mai gata."

Ban ji haushinta ba ko kaɗan, amma abin da na ji ban san ko kunya ba ce ko me. Na ce Allah ya kai ku lafiya, ya raya marayu. Ranar tafiyar na karya doka na rungume ta a bakin lif.

Bayan tafiyarta da mako guda, ina wanke-wanken safe, wayata ta fara ƙara ba ƙaƙƙautawa. Na goge hannu na duba. Ina cikin zauren mata. Saƙonni suna ta shigowa: barka da dawowa, Hajiya. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Allah ya ƙara haɗa kanmu. A sama akwai sanarwar sakatare cewa 'yar uwarmu da ta makara ta cika fom ɗinta, yanzu babu ko mutum ɗaya da bai jefa ƙuri'a ba, kuma duka shugaba suka zaɓa.

Na same shi a teburin karatu yana shan shayi.

"Malam, wa ya cika fom da sunana?"

Bai yi musu ba. Ya ce Baba ne ya sa aka sake buɗe fom ɗin na yini ɗaya saboda ni, alfarma ce aka yi mana. Wayata tana kan firij ina wanka, ya ɗauka ya cika.

"Kin ce shaida ce," in ji shi. "To ba ke kika bayar ba. In da zunubi a kaina yake. Wadda kike yi dominta ma ta tafi."

"Da sunana ka bayar."

"Haba, ya isa haka. Zaman lafiya na nema mana."

Na koma kicin na rubuta saƙo. Gajere ne: ba ni na cika fom ɗin nan ba, ban zaɓi kowa ba, ina nan a kan bakana. Na daɗe ina kallonsa. In na tura, kowace mace a zauren za ta san wanda ya ɗauki wayata, kafin azahar mazajensu sun sani, kafin la'asar labari ya kai jami'arsu a gida, cewa malamin shari'a ya yi wa matarsa satar ƙuri'a. Uban 'ya'yana ne. Na goge saƙon da hannuna, ba wanda ya sa ni. Har yau in na tuna lamarin nan, ba dariyar Baba ce take fara zuwa mini ba, ba kuma rusunawar maigidana ba. Wannan gogewar ce. Na amsa wa mata biyu da "na gode", na kife wayar na ci gaba da wanke tukunya.

Daga baya ya ba ni haƙuri a kan ɗaukar wayata ba da izini ba. A kan wannan kaɗai. Ya sami ƙarin lokacinsa, ya kammala, muka dawo gida. Muna zaune lafiya, kamar yadda ake cewa.

Bara shugaba ya zo garinmu ɗaurin aure, ya biyo ta gidanmu gaisuwa. Ya ƙara ƙiba, furfura ta fito masa. Maigidana ya leƙo ya ce in kawo abinci in zo mu gaisa. Na dafa shinkafa da miyar kaji, na jera a tire, na kai falo. Da ya gan ni ya washe baki ya ce, "A'a, Hajiya lauya! Ana nan ana ta shari'a?" Na durƙusa na ce ranka ya daɗe, an zo lafiya, ya iyali. Ya ci ya ƙoshi, ya yaba miyar, har ya nemi ƙari. Na zuba masa.